Shagon tsofaffin kaya a Tudun Wada: abin da za ka saya da abin da za ka bari

Shagon nan yana cikin wani lungu ne a Tudun Wadan Kaduna, ba nisa da Kasuwar Barci, kuma ba shi da wani suna, allo ne kawai na langa-langa aka rataye a bakin ƙofa an rubuta Vintage da jan fenti, shi ke nan. Wani dattijo ne ke da shi, tsohon mai gyaran rediyo, kowa Baba yake ce masa, sai ɗansa da ke kula masa da harkar waya da tallan WhatsApp. Ra'ayina a taƙaice tun kafin in yi nisa: in ƙarfe ne ko tagulla ko kuɗin da, ko rediyo da keken ɗinki, to je ka saya hankalinka kwance, amma fa a hannun Baba da kansa. In kuwa yadi ne ko kaset to ka bi a sannu.

Dole in ɗan tsaya kan wannan kalma da ke jikin allon saboda ita ce ake cutar mutane da ita a garin nan. Yanzu kowa bintej yake sayarwa. Rigar nan mai santsi mai zanen furanni da samari ke yayi, wadda bara-bara aka saƙo yadinta a Chana, bintej. An kwance dilar gwanjo an zaɓo masu ɗan kyau an wanke an goge, bintej, kuɗi ya ninka. Alhali su masu harshen ba haka suke amfani da ita ba. Asalinta ma daga gonar inabi ta fito, girbin inabin shekara guda da ake yin giya da shi, suna rubuta shekarar a jikin kwalba, daga baya aka aro ta aka ɗora wa mota da tufafi da agogo da duk wani abu mai kyau da ke ɗauke da alamar zamanin da aka yi shi. 'Yan kasuwarsu galibi sai abu ya shekara 20 suke kiransa haka, in ya kai 100 kuma ya tashi daga wannan aji ya koma antik, sabon abu kuwa da aka ƙera jiya aka yi masa fasalin na da sunansa retiro. Kun ga aji uku ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Baba bai iya Turanci ba, ɗan ne ya rubuta allon, amma wallahi haka ya raba shagonsa. Ɓangaren dama yana ce masa kayan iyayenmu, wani ɗan kabad mai gilashi a can ƙurya yana ce masa na kakanni, sannan tebur a bakin ƙofa da ya tara fitilun ƙwai da kwanuka sababbi fil, wanda da bakinsa zai ce maka ɗana wannan fa na bana ne, kama kawai ya yi. Wannan gaskiyar ita ce ta sa nake aika mutane wurinsa.

Rediyo ita ce sana'arsa ta asali kuma a nan ya fi ƙarfi. Akwai su jere a kanta har kusan rufi, National Panasonic ƙirar Japan su suka fi yawa, sai Philips da Sharp, wasu da rigarsu ta fata har yanzu, fatar ta yi baƙi ta tsattsage wajen maɗauri saboda rataya a kafaɗa. Yadda yake sayarwa ne ya burge ni. Ba zai karɓi kuɗinka ba sai ya sauko da ita ya shimfiɗa tsumma a kan benci, ya ɗauko sukundireba ya kwance bayan a gabanka, ya fara nuna maka gidan batir, ya ce duba nan, in ka ga kore-kore ko farin gari a jikin sifirin to ruwan batir ya taɓa zuba, an bar ta da batir a ciki an manta. Sai ya nuna maka inda aka taɓa yin dalma, ya ce wannan aikina ne, wannan kuma na wani ne da bai iya ba. Wadda na ɗauka ya faɗa min tun ban tambaya ba cewa sifikarta ba ta asali ba ce, ya cire ta ne daga wata da ta mutu, kuma ya rage min kuɗi saboda haka. Ya zuba manyan batir, ya zaro eriya har ƙarshe, ya riƙa murza allurar a hankali yana karkata kai kamar mai sauraron numfashin jariri, can sai ga muryar Hausa ta fito daga gajeren zango, da ɗan shuuu ɗin nan a bayanta. Ni dai jikina ya yi sanyi, don da wannan sautin aka raine mu, tsofaffinmu a kan tabarma bayan isha'i rediyo a gefen kunne. Gidan Rediyon Kaduna tun 1962 yake, sashen Hausa na BBC tun 1957, na Jamus 1963, Muryar Amurka 1979, duk a irin waɗannan akwatuna mutanen Arewa suka san su.

Amma ga abin da mai saye ya kamata ya sani: da yawa daga cikin tsofaffin ba su da FM sam, matsakaicin zango ne da gajere kawai, su kuwa tashoshin da suka cika garin nan yanzu kusan duk FM ne. Saboda haka in wa Hajiya za ka saya ta riƙa jin shirye-shiryen safe, ka duba fuskar rediyon da kyau ka ga an rubuta FM kafin ka biya. Kuma suna cin batir, ba wasa ba. Akwai masu wayar wuta amma Baba yana ba da shawarar kada a jona su kai tsaye da irin wutarmu mai hawa da sauka, ko ta janareto, tiransifomar ciki in ta ƙone samun irinta aiki ne.

Kekunan ɗinki kuma na tafi da Yayata ne wadda tela ce, don ni ban san kansu ba. Akwai Singer baƙaƙe masu zanen ruwan gwal, akwai Butterfly ta Shanghai wadda iyayenmu mata suka fi sani a kayan ɗaki. Baba ya koya mana wani abu da ban taɓa lura da shi ba, wai kada ka kalli sunan da ke jikin hannun keken, don sitika ce kowa zai iya mannawa, ka duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen gindin ta gefen dama, da ita ake gane shekarar ƙira, kuma ana iya bincikawa a intanet. Waɗanda lambar samfurinsu ke da harafin K, kamar 15K, a masana'antar Singer ta Clydebank a Sikotland aka yi su, ita kuwa an rufe ta a 1980, to kun ga duk wanda ya fito daga can ya haura shekara 40. Yaya ta zo da ƙyallen jins ta ninka shi huɗu ta sa a ƙarƙashin allura, ta taka, keken ya wuce bai ko yi gardama ba, ɗinki ya fito a jere sama da ƙasa ba tsalle. Ta ɗaga kan keken da hannu biyu da ƙyar, ta ce wannan ƙarfe ne zalla, na yanzu rabin cikinsu roba ce. Ta ce Baba a rage mana mana, ya ce 'yata albarka, ta ƙara ya sake cewa albarka, sai da aka kai wajen kuɗin da zai sayi sabo ɗan Chana har da canji kafin ya sallama. Da tsada, eh. Amma tun da ta kai shi shago ta ce bel kawai ta canza da mai da take ɗiga masa.

A nan ne ma na ga fushinsa. Wasu samari biyu suka shigo suna tambayar tsohon Singer da dutsen guga na gawayi mai zakara a ka, suna magana ƙasa-ƙasa, ɗaya ya fito da waya yana karawa a jikin allurar keken. Baba ya miƙe ya ce su fita. Ashe masu neman jan makuri ne, wannan tatsuniyar da ake yaɗawa cewa akwai wani sinadari mai tsadar gaske a cikin tsofaffin kekuna, wai in ka kara waya sabis ya ɗauke to akwai shi. Ƙarya ce tsagwaronta, babu wani abu mai wannan suna a cikin keke, a Saudiyya ma an yi wannan hauka a 2009 har keke ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba kafin mutane su gane damfara ce. Abin da ke ƙona masa rai shi ne suna saye su farfasa keke lafiyayye su watsar. Don Allah duk wanda aka zo masa da wannan zance ya kama kansa.

Kabad ɗin ƙurya shi na fi daɗewa a gabansa. Kuɗin da ne a cikin gwangwanayen madara, kowane da irinsa, kwabo mai huji a tsakiya, ɗari, anini ɗan mitsitsi, taro, sisi, sule. Yaranmu suna jin ana cewa ba ni da ko sisi, ba ni da ko anini, ba su taɓa riƙe su a hannu ba. Wasu na zamanin Turawa ne, lokacin da kuɗi ɗaya ake kashewa daga nan har Gana da Saliyo da Gambiya, wasu kuma na Najeriya ne na 1959 da Babban Banki ya fara fitarwa. An daina amfani da su ne da zuwan naira da kobo ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ɗaya kobo goma. Baba ya ce shi ya ga wannan canji da idonsa, ga shi a 1972 an yi canjin hannu a titi, ya ce tsofaffin lokacin sun sha ruɗewa, a kasuwa an daɗe ana ciniki da sule ana biya da kobo. Kowane kwabo akwai shekara a jikinsa saboda haka ba a iya yi maka ƙarya, kuma farashin ba laifi, har ɗan makaranta zai iya sayen biyu-uku ya kai aji. Ya hana a wanke su da toka ko lemon tsami, ya ce baƙin da suka yi shi ne shaidarsu, in ka goge ka rage musu daraja. A ƙasan kabad ɗin akwai tasoshin tagulla aikin Bidda masu zanen hannu, da akushi baƙi wanda bakinsa ya cinye saboda amfani, da adaka ta ƙarfe mai fenti, irin wadda kakanninmu mata ke ajiye zannuwa a ƙarƙashin gado mai rumfa.

Wani abu da ya ƙara masa girma a idona: ina zaune wani mutum ya shigo da buhu ya kwance, sai ga kan mutum-mutumi na yumɓu, ya ce daga kudancin jihar nan aka haƙo. Baba ko taɓawa bai yi ba, ya ce Malam mayar, ni ba na wannan, in na gaske ne gidan tarihi za ka kai in na ƙarya ne kuma ba na sayar da ƙarya. Ya yi daidai. Kayan Nok da aka fara ganowa a wajen haƙar kuza tun 1928, wanda garin da aka sa musu sunansa yana ƙaramar hukumar Jaba a jiharmu, ba kayan kasuwa ba ne. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan sai da wakilan da hukumar ta amince da su, kuma ta hana fitar da su waje ba izini. Mai son ganinsu ga gidan tarihi nan a titin Ali Akilu. An kwashe mana da yawa an kai Turai ta hannun masu buhu irin wannan, don haka in na ga ɗan kasuwa ya ga kuɗi ya kau da kai dole in faɗa.

To yanzu inda shagon ya gaza, kuma zan faɗa ne don ina son a gyara.

Yadi. Yana da 'yan turamen atamfa da akoko da ya ce na masaƙun Kakuri ne, wasu har da tambarin kamfani a gefe. Duk ɗan Kaduna ya san abin da wannan ke nufi, masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, da masaƙun UNTL da Arewa Textiles da suka biyo baya, dubban mutane suna fitowa aiki a kan kekuna in an tashi, Kakuri da Makera ba masaka tsinke, yau kuwa KTL tun 2002 take rufe. Don haka mutum yana ganin turmin nan zuciyarsa za ta karye ya sa hannu a aljihu. Matsalar ita ce ajiya. A ƙasa suke a cikin kwali jikin bango, damina ta shiga ta fita a kansu, suna warin raɓa, kyankyasai sun yi gida. Wanda na saya da ido lafiya lau yake, launinsa bai ko kwanta ba, amma ana jiƙa shi ya rabe bi da bi a daidai kan ninkin, zaren ya riga ya mutu. Na mayar, Baba bai yi musu ba, ya ce ba ya mayar da kuɗi amma in ɗauki wani abu a madadin, na ɗauki kwanon samira. Na yaba, sai dai da tun farko ya warware turmin a gaban mai saye kamar yadda yake kwance bayan rediyo da ba a kai ga haka ba. In za ku saya ku warware shi duka ku ɗaga a rana, ku ɗan ja wajen ninkin da yatsa, kuma ku saya don ajiya ko adon bango, ba don ɗinkin sallah ba.

Kaset ma haka, cike da kwali, na wa'azi da tafsiri da na makaɗan gargajiya, amma zafi ya gama da yawancinsu, zaren ya manne ko murya ta riƙa ja. Akwai rikoda a shagon, a sa maka ka ji gaba da baya kafin ka biya.

Babbar matsalar kuwa ita ce cinikin waya. Ɗan yaro ne mai ladabi, ban ce yana da mugun nufi ba, amma a status ɗinsa komai da komai sunansa ɗaya, fitilar ƙwan da uban ya ce ta bana ce da tasar da ta girmi ubansa duk bintej ya rubuta, ba shekara ba bayani, farashi kuma ya kusa ninka na shago saboda masu saye daga Abuja da ke ƙawata gidajen abinci da su. Wata ƙawar matata ta yi oda ta waya aka aiko mata da dutsen guga a mota, da ya iso sabo ne ƙirar Panteka, kasuwar maƙeran nan ta Kaduna, aka shafa masa baƙin mai. Ba laifi ba ne a sayar da aikin Panteka, maƙeranmu ne kuma sun iya, amma a faɗa. Na gaya wa Baba, ransa ya ɓaci ƙwarai ya kira yaron a gabana ya yi masa faɗa, an kuma daidaita da matar. Duk da haka shawarata ku taka da ƙafarku.

Suna ba da haya kuma, ga masu biki da ke yin ranar ƙauyawa, ƙwarya da faifai da ludayi da fitilar aci-bal-bal da tabarmar kaba, har da rediyo mai rigar fata don ɗaukar hoto. Ana ajiye kuɗin jingina, kuma yana ƙirga kaya ɗaya-ɗaya a rubuta a littafi, abin da ya fashe a cire a ciki. Ƙanwata ta karɓa lokacin bikinta ba a samu matsala ba, illa dai sai da aka wanke komai don ƙura. Kayan kabad ɗin ƙurya ba ya ba da su haya ko nawa za a biya.

Akwai tarin jaridu ɗaure da igiya a saman kanta, Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da New Nigerian da ta fara fitowa a nan Kaduna a 1966. Waɗannan ba na sayarwa ba ne, zai bar ka ka buɗe ka ɗauki hoto da waya in ka wanke hannu. Takardun sun yi ja suna karyewa a gefe, na roƙe shi ya bari a kai su Arewa House, cibiyar adana tarihin Arewa da ke nan Kaduna, inda za a iya adana su yadda ya kamata, ya ce zai yi tunani. In akwai ɗaliban tarihi da ke karanta wannan, ku je ku ɗauke su a hoto shafi-shafi tun kafin wata daminar.

Wurin ƙarami ne kuma da duhu, mutum uku in sun shiga an cika, ba wajen ajiye mota, gara ka hau Keke Napep ka sauka a bakin titi ka ƙarasa da ƙafa. Ba POS, ko tsabar kuɗi ko tiransifa zuwa asusun ɗan. Ana kiran salla yake jan ƙofa, ranar Juma'a kuma sai bayan an sauko. Lokacin da ya fi shi ne bayan la'asar, ya fi sakewa ya yi hira, kuma gajeren zango ya fi kamawa da yamma in rediyo za ka gwada. Ka tafi da batir ɗinka sababbi don nasa duk sun yi sanyi. Yana saye ma ba sayarwa kawai ba, yawancin kayansa a hannun 'yan gwangwan yake tare su kafin a kai kilo, ya ce abin da ya fi nema yanzu shi ne keken Raleigh mai tambarinsa na asali a goshi da agogon bango mai wani, don haka wanda ke da irinsu a sito ya kai masa ya gani, ko sun lalace yana karɓa saboda kayan gyara.